Farin Takalmin Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya. Ina rubuta wannan ne don kada Birnin Gwari ta yi mata abin da ta saba yi wa mutanenta: a yi kuka kwana uku, wani sabon tashin hankali ya taso daga daji, a manta.

Ranar sadakar uku gidan ya ƙi ɗaukar jama'a, tabarmi har bakin titi. Matan ƙauyen Kakangi sun zo, wasu a kan babur, wasu a ƙasa, ta hanyar da ni ko roƙona aka yi ba zan bi ba a kwanakin nan. Wani dattijo ya tsaya a zaure ya ɗage rigarsa yana nuna wa maza tabon harsashi a haƙarƙarinsa, yana cewa, "Ita ta ɗinke ni. Tana ɗinki tana yi mini faɗa." Wata Bafulatana ta dire ƙwaryar nono a tsakar gida ta ce ita ba gaisuwa ta kawo ba, ta zo ne ta gani da idonta, don ba ta yarda ba. Matan coci suka shigo cikin ankonsu, suka zauna gefe guda suka yi addu'arsu a hankali.

Kowa in ya gama "Allah ya jiƙanta" sai ya juyo gare ni ya ce, "To, yanzu sai ke." Suna faɗa kamar albishir suke yi mini. Ni kuwa duk wanda ya faɗa, sai in ji kamar ya ƙara tura sakata a ƙofar ɗakin da nake ciki. Ni nas ce kamar ita, a asibiti ɗaya, kuma yanzu ba wanda ya girme ni a aikin sai mutum ɗaya.

Mutum ɗayan ita ce Maman Tagwaye, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda ta yi aiki da Gwaggo tun ina firamare, kuma gwiwoyinta sun riga sun gama aiki ko da ita ba ta gama ba. Ta shigo da sandarta, ta gaisa da kowa ba ta yi kuka ba. Tana isa ƙofar ɗakin Gwaggo sai ta tsaya. A bakin ƙofar akwai farin takalmin kambas, an jera ƙafa biyun, an goga musu farar ƙasa. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da gyale. Sai a lokacin ni ma na lura da takalmin, kuma wallahi abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne, haushi ne.

Sai na yi bayanin takalmin, in ba haka ba ba za a gane haushina ba.

A asibitinmu akwai wata doguwar kanta a ɗakin da muke canja kaya. Kowace nas tana da gurbinta. In kin zo aiki ki cire takalmin gida ki sa farin kambas, in kin tashi ki mayar da shi gurbinsa. Gwaggo ce ta kafa wannan doka tun tana sabuwar shugabar nas-nas, wai kada mu kwashi cutar asibiti a tafin ƙafa mu kai wa 'ya'yanmu. Farin takalmi ba ya zuwa gida. A hankali abin ya zama wata magana tsakaninmu da ba a yin ta da baki. Wadda ta yi niyyar barin aiki ba ta sallama, ba ta jayayya da kowa, takalminta kawai take sakawa a jaka. Washegari a ga gurbi wayam, kowa ya gane. To ga takalmin Gwaggo a gida. Wato matar da ta hana ni sakat shekara da shekaru ta ajiye aiki ana gobe za ta faɗi, ba ta ko gaya mini ba.

Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Sunan uwarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata", ko da za ta zage ni ne. "Uwata, kanki ɗaya kuwa?" Amma muna shiga ƙofar asibiti ba Gwaggo ba Uwata. Ranar da na fara aiki na yi suɓul da baka na kira ta Gwaggo a gaban majinyata, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Gwaggonki tana gida, in kin tashi ki gaishe ta."

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kamar an aike ta ɗebo wuta. Kunun tsamiya take zuwa da shi a fulas, kuma ban taɓa ganin ta shanye shi ita kaɗai ba, kullum sai ya ƙare a cikin wata mai jego da danginta ba su iso ba. Faɗa kuwa, Allah ya yi mata baki. Na ga ta tsare wani magidanci da ya ƙi ba matarsa jini wai shi manomi ne ƙarfinsa zai ragu. Ta ce masa, "Lokacin da kake yi mata cikin ƙarfinka bai ragu ba?" Shi kuwa sai ya naɗe hannun riga.

Tana da wata magana da ba ta rabuwa da ita. A aikinmu ba a tashi sai wadda za ta karɓe ki ta iso, kin zagaya da ita gado-gado kin miƙa mata kowane majinyaci. Gwaggo ta ɗauki wannan kamar farilla. In aka ce, "Ki je ki huta mana," sai ta ce, "Wa zan miƙa wa?" In aka ce ana biki a dangi, "Wa zan miƙa wa?" Har 'yan gidanmu suka mayar da abin tsokana, in an ce wani ya tashi daga kan tabarma sai ya ce wa zai miƙa wa.

Shekarar korona ce shekarar ritayarta. Har ta sayi tumaki biyu ta ɗaure a bayan gida, ta ce daga yanzu su ne majinyatanta. Sai cutar ta zo, aka kulle jiha. Duk wadda aka turo ta maye gurbinta, da ta ji an ce Birnin Gwari sai ta nemi hanyar da za a canja mata. Aka roƙi Gwaggo ta ƙara riƙewa kafin a samu wata. Ba a samu ba.

Mutanen birni sun ce dokar kulle ta hana su fita. Mu dariya abin ya ba mu, don mun daɗe a kulle. Hanyar Kaduna ba a bin ta sai da rakiyar sojoji, motoci su yi kwamba a bakin gari su jira, in rakiya ba ta zo ba kowa ya sauke kayansa ya koma gida. Gaba daji, baya daji. Korona ta zo ne ta ƙara mana wani kulle a cikin kulle. Takunkumin fuska da aka ce a sa sau ɗaya a yar, mu wankewa muke yi mu shanya a igiya bayan ɗakin haihuwa. Safar hannu sai Gwaggo ta ɓoye ta a ɗakinta tana fitarwa kamar tsiren sallah. Duk wanda ya shigo yana tari sai gabanki ya faɗi, ba abin gwaji, ba iskar taimakon numfashi da za ta isa, sai ki yi bisimilla ki taɓa shi. Kuma masu harbin bindiga ba su ji labarin korona ba. Ana kawo mana mutanen ƙauye a kan babur jina-jina, dangi su cika ɗaki, wa za ki ce wa ya ba da tazara?

A gari kuma an raba mu gida biyu. Rabi sun ce korona ƙarya ce, mu ne muke cin abinci da ita. Rabi in sun hango mu sai su tsallake titi. Maƙwabciyata da muke aron turmi ta hana yaranta shiga gidana. Maigidana dama ya riga ya kwashe 'ya'yanmu ya koma Kaduna tun wani hari da aka kai kusa da unguwarmu, ni aka bari da alkawarin zan biyo baya. Kullum in ya kira maganar ɗaya ce: wani asibitin kuɗi a can yana neman nas, yaushe zan taho? Ƙaramar 'yata ta fara kiran ƙanwarsa Mama, ina ji a waya.

Kantar takalma ta fara yin giɓi. Wata ta ce za ta je duba mahaifiyarta a Zariya, gurbinta wayam. Wata mijinta ya rantse in ta sake zuwa asibiti a bakin aurenta. Ban zargi ko ɗaya ba, har yau ban zarge su ba. Da safe Gwaggo za ta tsaya gaban kantar ta dube ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta ce, "Allah ya ba su sa'a," ta raba mana aikin waɗanda suka tafi. Na daina jin yunwa. Akwai ranar da na tsaya a gaban gado na manta abin da ya kawo ni.

Wata safiya aka ce rakiya za ta tashi da hantsi. Na gama aikina, na shiga ɗakin canja kaya, na ɗauki farin takalmina na tura a jaka. Ina juyowa na ga Gwaggo a bakin ƙofa.

Ta ce, "Jakar taki ta yi ƙiba yau."

Na ce, "Tafiya zan yi, Gwaggo."

"Gwaggonki tana gida."

"To ki gaya mata na gaji. Ki gaya mata 'yata ta manta fuskata. In na mutu a nan me za a ba 'ya'yana, takunkumin da na wanke? Ke kin tsufa a nan, ba ki san ko'ina ba sai nan, ni ba haka zan ƙare ba."

Na faɗi abin da ya fi haka ma, kuma ba zan ce ban yi gaskiya ba. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Ba wanda ya riƙe ki. Amma ba a tafiya haka. Zo ki miƙa mini."

Muka shiga ɗakin majinyata. Ita da ta san kowane gado fiye da tafin hannunta, ranar sai ta zama baƙuwa. Wannan me ya ci? Wancan yaushe aka canja masa ƙarin ruwa? Ciwon ƙafar nan wari yake ko ya daina? Muka iso gadon wata tsohuwa Bagwariya da ba ta yarda kowa ya wanke mata gyambo sai ni. Gwaggo ta ce mata, "Kaka, daga gobe ni zan riƙa wanke miki." Tsohuwar ta kama bakin rigata ta ce wa Gwaggo, "Ita fa? Hannunki zafi." Kafin mu kai gadon ƙarshe na ji ƙarar motoci suna tashi a bakin gari.

Na ce, "Da gangan kika yi."

Ta ce, "Ni na tuƙa motar?"

Na yi mako guda ban gaishe ta ba, a gida ko a asibiti. Rakiya ta gaba ba ta zo ba, an ce an tare hanya. Na mayar da takalmin kan kanta, na ce wa kaina na ɗan lokaci ne.

Wannan ita ce rigimarmu. Alherinta kuma ya zo ne bayan watanni, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu, ko muryar yaran na daina ji. Aka samu wata mai naƙuda da sai an yi mata aikin da ya fi ƙarfinmu, dole a bi rakiya da ita zuwa Kaduna, kuma sai nas ta raka ta. Gwaggo ta ce ni zan je. Ita ta haɗa mini jaka, ta miƙo mini ta tagar motar asibiti, ta ce, "Uwata, ki gaishe da yara." A asibiti ta ce Uwata. Ban kawo komai a raina ba.

Sai da na miƙa mai naƙudar, na isa gida, yara suka gama hawa jikina, na buɗe jaka zan fito musu da ƙuli-ƙulin da ta ce ta saka. A ƙarƙashinsa ga farin takalmina, a naɗe cikin leda. Ita da kanta ta ɗauko shi daga kantar takalma. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun farkon cutar. Maigida ya ce, "Alhamdu lillahi, ta sallame ki."

Kwana nawa na yi ban ma riƙe ba, amma ba su da yawa. Ina wanke wa 'yata kai ina lissafin wa ke ɗakin haihuwa yanzu. Maman Tagwaye da gwiwarta, Gwaggo da hawan jininta, da sababbin nas biyu da ba su iya neman jijiya ba. Ban miƙa wa kowa ba. Da motar asibiti za ta koma na shiga, maigida bai raka ni ko ƙofa ba.

Ina tsammanin za ta yi murna. Ta gan ni ina mayar da takalmin gurbinsa, fuskarta ta ɓaci.

"Wa ya ce ki dawo?"

"Ban miƙa ba."

Ta dube ni. Sannan ta ce a hankali, "Kash. Ke ma kin kamu." Ta juya ta fita. Ban gane dalilin ɓacin ranta ba a lokacin, na ɗauka halin faɗanta ne kawai.

Korona ta lafa, aka daina maganarta, amma waɗanda suka tafi ba su dawo ba, daji kuma bai lafa ba. Tumakin Gwaggo suka hayayyafa, surukarta, matar babban ɗanta, ita ke ba su dusa. Ni kuma na zama baƙuwar 'ya'yana, ina zuwa in an samu rakiya.

Wata safiya Gwaggo ta faɗi, a tsakar gida, ta riga ta sa farin kaya. Ɓarin jikinta ya shanye, bakin nan da ya gagari gari ya karkace. Muka kai ta asibitinta, muka kwantar da ita a ɗakin da ta yi mulki. Likita ya ce sai Kaduna. Ba rakiya ranar, ba rakiya washegari. Na je bakin gari na roƙi direbobi, wani da Gwaggo ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka ya sunkuyar da kai ya ce, "Sista, in na bi hanyar nan yau gawa biyu za a yi, ko uku." Ban ga laifinsa ba. Ta cika a hannuna da rana tsaka, tana kallon ƙofa.

To mu koma ranar sadakar uku. Da mutane suka ragu na jawo surukarta gefe na nuna mata takalmin. Na ce, "Yaushe ta kawo wannan gida?"

Ta ce, "A jakarta na same shi ranar da ta faɗi. Na fitar na goge."

"Wato ana gobe ta ajiye aiki, ba ta gaya mini ba?"

Ta dube ni da mamaki. "Ai kullum da shi take dawowa, Anti. Tun shekarar korona."

Na ce ta sake faɗa.

Ta ce, "Kullum in ta shigo da yamma za ta jefar da shi a bakin ƙofar nan ta ce, 'Na gama. Gobe ko gobara ake yi ba zan koma ba.' Har ta ce in dafa mata abin da ake ci a zauna. Da safe in na fito in same ta tana goga masa farar ƙasa. In na ce, 'Inna, ba kin gama ba?' sai ta ce in rufe mata baki."

Maman Tagwaye tana zaune inda ta zube tun ɗazu. Na ce mata, "Mama, kin sani?"

Ta gyaɗa kai. "Na sani. Tsohon gyalenta take rufawa a gurbin don kada ku gani. Ta riga kowa zuwa, ta fi kowa daɗewa, wa zai lura? Ni na ɗaga gyalen wata rana. Ta ce in na faɗa, yaran nan duka za su watse."

Ni da na tsaya a gabanta na ce ba ta san ko'ina ba sai nan. Ashe ta fi ni son tafiya, kuma ta fi ni yawan tafiya, don ita kullum sai ta tafi. Na tuna fuskarta ranar da na dawo daga Kaduna, sai yanzu na gane. Ƙofar da ta kasa fita ta buɗe mini, na dawo da ƙafata na rufe.

Ba zan ce muku waliyyiya ce ba. Mace ce da ta gaji, ta ji tsoro kamar kowa, aka bar ta da aikin mutum biyar aka yi ta yaba mata haƙuri. Masu yabon nan su ne nake jin haushinsu, har da waɗanda ke ce mini yanzu sai ke. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ya ba ta hutun da ba mu ba ta ba.

Yaran asibiti sun zo sun ce a ba su takalmin su mayar gurbinsa don tunawa da ita. Na hana. Na ce ita ta kawo shi gida da hannunta, a bar shi a gida.

Maigida ya kira jiya. Ya ce yanzu ai ba sauran wadda zan ce ina jin nauyinta, kuma 'yata za ta shiga sakandare, tana tambaya ko zan kai ta. Na ce masa ina nan tafe. Da na tashi aiki na sa farin takalmina a jaka, na rufa ɗankwali a gurbin, na taho da shi gida, na ajiye a bakin ƙofa na ce na gama.

Yau da safe na goga masa farar ƙasa. Maman Tagwaye ce a ɗakin haihuwa tun jiya, kuma ba ta da wadda za ta miƙa wa.